Babi na Shida: Tsibirin da Wata ke Riƙe da Makullinsa

A arewa maso yammacin Faransa, inda ƙasar Normandi ta yi iyaka da ta Bretagne, gaɓar teku ta lanƙwasa ciki ta yi wani faffaɗan lungu mai girman kusan murabba'in kilomita 500. Koguna uku ne ke zuba a cikinsa: Sée da Sélune da Couesnon. Idan ka iso bakin lungun nan da wata safiya, mai yiwuwa ba za ka ga teku ba ko kaɗan. Abin da zai tare idonka shi ne shimfiɗaɗɗen fili na rairayi da laka mai ruwan toka, iyakar ganinka, da 'yan jijiyoyin ruwa suna ratsa shi. Can a ciki wani dutse ya tsaya shi kaɗai. An ɗaure gindinsa da ganuwa, gidaje sun hau jikinsa suna matse juna, a ƙolinsa kuma ga majami'a mai dogon tsini. Ka tafi ka ci abinci, ka huta, ka dawo bayan awa 6, sai ka tarar filin ya ɓace. Ruwa ne ko'ina, dutsen yana tsakiyarsa.

Sunan wurin Mon San Mishel, wato Dutsen Mala'ika Mika'ilu. Faransawa kan rubuta shi Mont-Saint-Michel. Ƙarami ne ƙwarai. Kewayen gindinsa bai cika kilomita 1 ba, tsayin dutsen kuma kusan mita 80 ne. Masu kwana a cikinsa yau ba su wuce mutum 30 ba, amma masu zuwa ganinsa a shekara sun haura miliyan 2 da rabi. Littattafan yawon buɗe ido kan fara labarinsa da gine-gine. Ni kuwa a ganina ruwan ne ya kamata a fara da shi, domin shi ne ya sa aka ɗauki wurin da tsarki, shi ya kawo duwatsun da aka yi ginin, shi ya kori abokan gaba, kuma shi ne aka mayar gandiroba lokacin da wurin ya zama gidan yari.

Wanda ya tashi nesa da teku zai fi gane abin idan ya tuna ƙauyen da ke hayin gulbi: da rani a taka yashi a shiga, da damina sai da kwalekwale. To a nan, ranin da daminar suna zagayowa cikin yini guda. Teku na cikowa ya janye sau biyu a kwana ɗaya, tsakanin cikowa da cikowa awa 12 da minti 25, don haka kullum lokacin yana ja da baya da kusan minti 50, daidai yadda fitowar wata ke jinkiri kowane dare. Dalili kuwa shi ne watan ne ke jan ruwan, rana tana taya shi. Idan rana da wata da duniya suka daidaita a layi ɗaya, jan nasu ya haɗu, sai ruwan ya ciko da ƙarfi ya kuma janye da nisa. Idan suka saɓa, sai ya yi sanyi. Duk wanda ya saba duban wata don azumi da salla ya riga ya riƙe jadawalin wurin a kansa. Babbar cikowa tana zuwa ne a kwanakin farko na tsayuwar wata, da kuma kwana ɗaya ko biyu bayan daren sha huɗu. Wajen 8 ga wata da 23 ga wata kuwa, ruwan ba ya ma isowa gindin dutsen. Mafi girman duka sukan faɗo ne a watan Maris da Satumba, lokacin da dare da rana suke yin daidai.

Haka abin yake a kowane teku, amma a lungun nan ya wuce misali. Ruwan Atlantika yana kutsowa mashigin da ke tsakanin Faransa da Ingila, sai ya ci karo da zirin ƙasar Cotentin da ta miƙe arewa ta tare masa hanya, ya taru ya gangaro cikin lungun, wanda ba shi da zurfi. Sakamakon haka, bambancin tsayin ruwa tsakanin cikowa da janyewa yakan kai mita 14, yana cikin mafi girma a duk Turai. A irin wannan rana tekun yakan janye har kilomita 15 daga gaɓa.

Mutanen yankin sun daɗe suna cewa ruwan yana dawowa da gudun doki mai sukuwa. An ɗan zuzuta. A mafi yawan wurare saurinsa bai wuce na mutum mai tafiya da hanzari ba. Amma haɗarin ba a gudun yake ba. Ruwan ba ya tunkarar mutum ta gaba inda zai gan shi ya juya. Yana bin kwaruruka da hanyoyin koguna ne tukuna, ya zagaya ya cika su shiru, mai tafiya yana kan ɗan tudun yashi yana ganin lafiya lau. Kafin ya farga, gaba ruwa, baya ruwa. Ga kuma hazo da kan sauko ba sallama ya rufe dutsen da gaɓa gaba ɗaya, har a da akan kaɗa ƙararrawar majami'ar don wanda ya ɓata ya bi sautinta. Sannan ga yashi mai haɗiye ƙafa.

Har yau ana ratsa filin a ƙasa, amma da ɗan jagora mai lasisi. Daga ƙauyen Genêts tafiyar kusan kilomita 7 ce, ba takalmi, wando a naɗe har cinya. A tsakiyar hanya ɗan jagora yakan tsayar da mutanensa a wani wuri da ido ba ya bambanta shi da sauran, ya ce su yi ta tattaka ƙasa. Sai a ga yashin da yake da tauri ɗazu ya fara rawa, yana lotsawa yana tasowa, ruwa na tsattsafowa daga ƙarƙashi. Wanda ya tsaya cak sai ya ji ƙafarsa tana tafiya, idon sawu, ƙwauri, gwiwa. In ya yi ƙoƙarin fizge ta da ƙarfi sai yashin ya ƙara riƙe ta. Ɗan jagoran zai nuna masa dabara: ya kwantar da jikinsa don nauyinsa ya bazu, ya riƙa motsa ƙafa ɗaya a hankali har ruwa ya shiga ya sassauta ta, ya zaro ta ya durƙusa a kanta, sannan ya koma kan ɗayar. Yashin ba ya haɗiye mutum ɗungurungum, domin ya fi jikin mutum nauyi. Riƙe shi yake yi, har ruwa ya zo ya same shi a nan. Abin da ya kashe matafiya da yawa ke nan cikin ƙarnuka, shi ya sa aka yi wa wurin laƙabi da Mika'ilu na cikin haɗarin teku, aka kuma riƙa shawartar mai niyyar zuwa ya bar wasiyya kafin ya fita daga gida.

Dutsen kansa tsoho ne, shekarunsa sun haura miliyan 500. Narkakken dutse ne da ya kutso daga ƙarƙashin ƙasa ya sandare, ya fi abin da ke kewaye da shi tauri. Ruwa da iska suka cinye mai laushin suka bar shi tsaye. Yana da 'yan'uwa biyu da suka samu ta wannan hanya. Ɗaya shi ne Tombelaine, kilomita 3 arewa da shi, wanda ba kowa a kansa yau sai tsuntsaye. Ɗayan shi ne Mont-Dol, can yamma a ƙasar Bretagne. Shi ma a da ruwa ya kewaye shi, amma laka ta cike wurin, mutane suka yi gonaki, yanzu tudu ne kawai a tsakiyar karkara. A riƙe sunan Mont-Dol, don za a ga yadda Mon San Mishel ya kusa bin sahunsa.

Tsofaffin littattafan wurin sun ce a shekarar 708 Aubert, bishop ɗin garin Avranches da ke hange daga gaɓa, ya yi mafarki da Mala'ika Mika'ilu yana umartarsa ya gina wurin ibada a kan dutsen, wanda a lokacin ake kira Mont Tombe. Bai yi ba, aka sake, bai yi ba. A karo na uku, in ji labarin, mala'ikan ya danna masa yatsa a ka har ya huda ƙashi. Akwai wani ƙoƙon kai mai huji da ake ajiye da shi a majami'ar Saint-Gervais ta Avranches, ana cewa nasa ne. Ko mutum ya gaskata labarin ko bai gaskata ba, abin da ya tabbata shi ne tun ƙarni na 8 ake ibada a wurin. Akwai kuma tatsuniyar da ke cewa dutsen yana tsakiyar kurmi ne, wata cikowa guda ta haɗiye kurmin a 709. Masana ƙasa ba su yarda da ita ba: tekun ya hau ne sannu a hankali cikin dubban shekaru, bayan narkewar ƙanƙarar da ta taɓa rufe arewacin duniya.

A 966 Richard na Ɗaya, mai sarautar Normandi, ya kawo ruhubanawa mabiya tsarin Benedict ya zaunar da su a kan dutsen. Da su ne wurin ya bunƙasa. A 1023 suka fara babbar majami'ar, kuma a nan suka gamu da matsalar da za ta bi su ɗaruruwan shekaru. Majami'ar da suke so tsawonta mita 80 ne, ƙolin dutsen kuwa tsini ne. Sai suka ɗora tsakiyar ginin a kan tsinin, suka gina ɗakunan ƙarƙashi a ɓangarori huɗu don su tallafe sauran. Dabarar ta yi, amma ba kullum ba. Bangon arewa ya rufta a 1103, ɓangaren gabas ya zube a 1421. Kowane lokaci sai a kwashe ɓaraguzai a sake. Duwatsun ginin da yawa daga tsibiran Chausey aka sassaƙo su, kusan kilomita 30 cikin teku, a loda su a jiragen ruwa masu faɗin ciki a jira babbar cikowa ta kawo su har gindin dutsen. Mai gini a nan dole ya san kwanan wata kamar yadda ya san awon dutsensa.

Wurin ya fito a dogon ƙyallen nan na Bayeux mai kusan mita 70, wanda aka yi wa aikin allura da labarin yadda William na Normandi ya ci Ingila a 1066. A wani sashensa an nuna rundunar William tana haye kogin Couesnon, dutsen yana bayansu, dawakai suna faɗuwa, Harold na Ingila yana jawo mayaƙan Normandi biyu daga cikin yashi. Ba a jima ba wannan Harold ɗin ya mutu a fagen Hastings yana yaƙar William. A ƙarni na 12, zamanin shugaba Robert de Torigni wanda ya riƙe gidan ibadar daga 1154 zuwa 1186, wurin ya yi suna da rubutun littattafai a kan fata. Kusan 200 daga cikinsu sun tsira, suna Avranches.

Ginin da ya fi ɗaukar hankali ya samo asali ne daga gobara. A 1204, lokacin da Sarki Philippe Auguste na Faransa yake ƙwace Normandi daga hannun sarkin Ingila, abokan ƙawancensa na Bretagne suka cinna wa garin wuta, ta haura ta ci wani sashe na gidan ibadar. Sarkin ya ba da kuɗi don ya wanke laifin. Da su aka gina abin da ake kira La Merveille a gefen arewa, aka gama a 1228. Bene ne mai hawa uku da aka manna a jikin dutse, kuma duk wanda ya bi shi daga ƙasa zuwa sama ya karanta yadda mutanen zamanin suka tsara duniyarsu. A hawan ƙasa, mai kaurin ginshiƙai da ƙarancin haske, ake karɓar talakawan maziyarta a ba su abinci, kusa da ɗakin ajiya. A hawa na biyu akwai zauren manyan baƙi, sarakuna da fadawansu, mai manyan murahu biyu, da wani zauren da ruhubanawa ke aiki. A can sama kuwa sai ɗakin cin abincinsu, inda suke ci shiru ɗayansu yana karanta musu littafi, da kuma farfajiyar da suke zagayawa suna tunani. Ginshiƙan farfajiyar sirara ne, an jera su layi biyu a saɓe, rufin kuma na katako ne, duk don kada nauyi ya yi wa na ƙasa yawa. Daga nan ba ka jin hayaniyar gari. Sama kake gani, ta taga kuma teku, ko yashi, gwargwadon sa'ar da ka zo.

Maziyarta suka yi ta kwararowa daga ko'ina a Turai, har da ayarin yara ƙanana da sukan baro gidajensu daga nesa, wasu daga ƙasar Jamus. Garin da ke gindin dutsen da su ya rayu: masauki, abinci, da 'yan tambura na dalma da mutum zai maƙala a hula don a san ya je ya dawo. Masu ƙorafin cewa titin garin ya cika da 'yan tireda a yau, su sani haka yake tun shekaru 700 da suka wuce.

Sai yaƙi ya zo. A Yaƙin Shekara Ɗari tsakanin Ingila da Faransa, Ingilawa suka mamaye kusan duk Normandi bayan nasararsu a Azincourt a 1415. Shugaban gidan na lokacin, Robert Jolivet, wanda shi ne ya ƙarfafa ganuwar, ya sauya sheƙa ya koma wajensu. Ingilawa suka kafa sansani a Tombelaine, suna hangen dutsen safe da yamma, suka yi masa ƙawanya daga 1423. Amma ta yaya za a yi wa irin wannan wuri ƙawanya? Rundunar ƙasa ba ta iya kafa tanti a filin da zai zama teku kafin la'asar. Jiragen ruwa kuma in suka matso, ruwa ya janye ya bar su kwance a kan yashi. A 1425 jiragen ruwan garin Saint-Malo suka fasa shingen da aka yi ta teku suka shigar da abinci. A 1434 Ingilawa suka kawo babban hari da igwa, har suka fasa wani sashe na ganuwa, amma barade 119 da ke ciki ƙarƙashin Louis d'Estouteville, da mutanensu, suka fatattake su. Manyan igwa biyu na ƙarfe da suka gudu suka bari suna nan a bakin ƙofar gari har yau, kowa na wucewa ta gefensu. A duk Normandi, dutsen nan ne kaɗai bai faɗa hannun Ingila ba. Labarin ya ƙarfafa wa Faransawa gwiwa a lokacin da suke ganin ƙasarsu ta tafi, kuma Jeanne d'Arc, budurwar da ta tashi yaƙar Ingilawa a lokacin, ta ce Mika'ilu yana cikin waɗanda take jin muryarsu daga sama. Ba a rage wa baraden komai ba in an ce ruwa ya yi musu rabin aikin.

Abin da ya hana abokin gaba shiga, shi ne zai hana fursuna fita. Sarki Louis na 11 ya gane haka, tun zamaninsa aka fara tsare mutane a wurin. Gidan ibadar kuma ya yi ta ja da baya, musamman da sarakuna suka fara naɗa masa shugabannin da ba sa zama a ciki, kuɗin shiga kawai suke karɓa. Da juyin juya halin Faransa ya zo aka kori ruhubanawan da suka rage a 1791. A 1793 aka cika wurin da limaman Kirista kusan 300 da suka ƙi yi wa sabuwar gwamnati mubaya'a. Daga nan har 1863 gidan yari ne, kuma kimanin mutum 14,000 suka ratsa ta cikinsa, ciki har da 'yan siyasa irin su Armand Barbès da Auguste Blanqui. Aka yanyanka zaurukan da katako, aka mayar da majami'ar wurin saƙar hulunan ciyawa, har wuta ta kama a 1834 ta ci rufinta. Akwai wani katafaren wili na katako da ke nan har yanzu a wani ɗaki mai duhu. Fursunoni ne suke shiga cikinsa suna takawa, yana juyawa yana naɗe igiya, igiyar tana jawo kaya a kan wata gangara ta dutse daga ƙasa zuwa sama. Wanda ya tsaya gabansa ya tuna farfajiyar nan mai sirarun ginshiƙai tana 'yan taku kaɗan daga wurin, jikinsa zai yi sanyi.

Duk da haka gidan yarin ne ya hana a rushe ginin. Babban gidan ibada na Cluny, wanda ya fi wannan girma da daraja, sayar da shi aka yi bayan juyin juya hali, aka riƙa farfasa shi ana sayar da duwatsun. Mon San Mishel ya tsira saboda gwamnati tana da amfani da shi. Marubuci Victor Hugo ya ziyarce shi a 1836, abin da ya gani ya ɓata masa rai, shi da wasu suka yi ta kira a ceci wurin. Napoleon na Uku ya rufe kurkukun a 1863. A 1874 aka sa ginin cikin kayan tarihi na ƙasa aka fara gyara, a 1897 aka ɗora dogon tsinin nan da mutum-mutumin Mika'ilu a kansa. Ruhubanawa sun dawo a 1966, cikar shekara 1,000 da zuwan na farko, a 1979 kuma UNESCO ta sa dutsen da lungunsa cikin wuraren tarihi na duniya.

A daidai lokacin da ake ceton ginin ne aka fara kashe tsibirin. Dama can lungun yana cikewa da kansa, domin ruwa ya fi ƙarfi wajen shigowa bisa wajen fita, kowace cikowa tana barin laka fiye da wadda ta kwashe. Abin da ya daɗe yana share kewayen dutsen shi ne kogunan, musamman Couesnon, wanda ba ya zama a hanya ɗaya: bana ya bi gabas da dutsen, baɗi ya bi yamma, yana kwashe abin da teku ya tara. Daga 1856 aka ba wani kamfani izinin datse gaɓa ya mayar da ita gonaki. Aka yi wa Couesnon magudana madaidaiciya aka hana shi yawo. A 1879 aka gina titin ciko mai kusan kilomita 2 daga gaɓa har jikin ganuwa, daga baya aka shimfiɗa masa layin dogo, jirgin ƙasa ya yi ta kawo mutane daga garin Pontorson tun 1901 har 1938. Hugo, yana tsoho tukuf, ya sake ɗaga murya cewa dole a bar wurin ya ci gaba da zama tsibiri. Ba a saurare shi ba. A 1969 aka ƙara datse bakin Couesnon don kada ruwan gishiri ya shiga gonaki, sai kogin ya rasa sauran ƙarfinsa. Aka kuma yi wurin ajiye motoci a gindin ganuwa.

Ban ga dalilin zagin waɗanda suka yi waɗannan ayyuka ba. Manomi yana son ƙasa, lakar lungun kuma taki ce mai kyau da aka daɗe ana ɗiba ana kai wa gona. Mai masauki yana son baƙi su iso ba tare da jiran wata ba. Makiyaya ma sun amfana, domin inda laka ta taru ciyawa mai jure gishiri takan fito, tumakin da ke kiwo a kanta kuma namansu yana da ɗanɗano na daban da tsada a kasuwa. Kowa da hujjarsa. Sai dai titin ya tare ruwan da ke zagaya dutsen, laka ta samu jingina, ciyawa ta yi ta matsowa shekara bayan shekara. Hotunan ƙarshen ƙarni na 20 suna nuna ganuwar da ta gagari Ingilawa, manyan motocin safa jere a gindinta. Masana suka yi ƙiyasin cewa in aka bar abin haka, wajen 2040 ciyawa za ta kewaye dutsen, ya zama wani Mont-Dol.

Gyaran ya ɗauki kusan shekara 10, daga 2006 zuwa 2015, ya kuma ci sama da Yuro miliyan 180. Zuciyar aikin ita ce sabuwar madatsar ruwa a bakin Couesnon, mai ƙofofi 8, wadda aka gama a 2009. Aikinta akasin na tsohuwar ne. Idan teku ya ciko, sai a bar ruwan sama-sama, wanda bai cika laka ba, ya tsallaka ya shiga kogin. A rufe ƙofofi a riƙe shi. Bayan kamar awa 6, teku ya janye fili ya buɗe, sai a sake shi ta ƙasa, ya fito da ƙarfi ya bi gefen dutsen biyu yana wanke laka zuwa teku. An mayar da wurin ajiye motoci kilomita 2 da rabi cikin tudu. An gina gada mai tsawon mita 760 bisa sirarun ginshiƙai, wadda Dietmar Feichtinger ya zana, don ruwa ya riƙa wucewa ta ƙarƙashinta, aka buɗe ta a 2014, sannan aka kwashe tsohon titin. Abin da ya fi burge ni a duk aikin shi ne gadar ba ta kai jikin ganuwa ba. Da gangan aka sauke ƙarshenta ƙasa-ƙasa, yadda in babbar cikowa ta zo za ta rufe shi. 'Yan kwanaki a shekara, na awa ɗaya ko biyu, ba mai shiga ba mai fita. Injiniyoyin da suka iya kai hanya har ƙofa suka zaɓi su bar wa ruwa wannan ɗan rabo, kuma ina ganin sun yi daidai.

Ranar 20 ga Maris 2015 aka yi husufin rana a arewacin Turai, alamar cewa rana da wata sun daidaita sosai. Washegari aka samu ɗaya daga cikin manyan cikowa da ba sa zuwa sai bayan shekara 18. Dubban mutane suka yi cincirindo a gaɓa da kan gada, suka ga ruwa ya zagaye dutsen ta kowane gefe.

Masu aikin ba su taɓa cewa sun hana lungun cikewa ba, kuma ba wanda zai iya. Abin da madatsar ke sharewa shi ne kewayen dutsen kawai. Can gabas, wajen bakin Sée da Sélune, laka na ci gaba da taruwa, ciyawa na ci gaba da cin fili. Ana auna tsayin yashin a kai a kai don a ga inda aka ci nasara da inda aka koma baya, ana kuma yashe cikin kogin bayan madatsar, domin ita ma tana tara nata. Wurin da ya yi shekaru dubbai yana tsibiri ba da taimakon kowa ba, yanzu zamansa tsibiri ya rataya ne a kan ƙofofin ƙarfe 8 da ake buɗewa ana rufewa bisa jadawalin teku, da kasafin kuɗin da za a ci gaba da ware musu kowace shekara.